Wasiƙa zuwa ga ɗana kan layukan taram na Istanbul

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Tun da takardar makarantar nan ta fito kowa ke yi maka nasiha a kan salla da karatu da zaɓen abokai, kuma duk sun faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara a kai shi ne maganar hanya. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma Istanbul, wadda kakanninmu ke kira Santambul, birni ne da mota ke iya cinye maka rabin yini a cikin cunkoso. Wanda ya san layukan jirgin da ke bin titi a kan dogo, wanda Turkawa ke kira tramvay, mu ce taram, ya huta da ’yan tasi, ya kuma tsira da kuɗinsa da lokacinsa. Ka ajiye takardar nan a wayarka, ka riƙa duba ta har hanyar ta zauna maka.

Ka fara da karatun sunaye, don a nan baƙo ke fara ɓata. Da baƙaƙen boko suke rubutu, amma c ɗinsu j ɗinmu ce, mai ƙugiya a ƙasa kuwa, wato ç, ita ce c ɗinmu ta “ciki”. Ş kamar sh take, ğ kuma ba a furta ta, jan wasalin da ya gabace ta kawai take yi. Saboda haka Kabataş “Kabatash” ne, Bağcılar “Baajilar”, Çapa kuma “Capa”. In ka karanta su da bakin Hausa ba wanda zai gane inda kake nufi, kai ma ba za ka gane sanarwar da ake yi a cikin jirgin ba. Ka riƙe kalmomi uku: durak tasha, aktarma sauya jirgi, çıkış mafita.

Layin da nake so ka haddace kamar karatun allo shi ne T1. An fara buɗe shi a 1992, bayan shekara kusan 30 da cire tsofaffin taram daga ɓangaren Turai na birnin a 1961. Yana tashi daga Kabataş a bakin ruwa ya ƙare a Bağcılar, tasha 31, tsawonsa ya ɗan haura kilomita 19, kuma daga farko zuwa ƙarshe tafiyar awa ɗaya ce da ’yan mintuna. Yana aiki daga 6 na safe zuwa 12 na dare, da rana kuwa ba ka minti biyar a tasha wani bai zo ba.

Daga Kabataş zai bi gaɓar ruwa ta Fındıklı da Tophane zuwa Karaköy, ya hau gadar Galata ya sauka Eminönü. Daga nan sai Sirkeci, Gülhane, ya hau tudu zuwa Sultanahmet, inda Ayasofya da babban masallacin Sultan Ahmad suke fuskantar juna. Sai Çemberlitaş, sai Beyazıt, ƙofar babbar kasuwar nan mai rufi da kuma Jami’ar Istanbul. Kasuwar ba ta ci ranar Lahadi, kada ka wahalar da kanka. Sai Laleli da Aksaray, unguwannin ’yan sarin tufafi, inda za ka riƙa haɗuwa da ’yan kasuwarmu da ke zuwa sayen kaya. Bayan su Yusufpaşa, Haseki, Fındıkzade, Çapa mai babban asibitin koyarwa, Pazartekke, sannan Topkapı, inda layin ke fita daga tsohuwar ganuwar birni. Daga can sai Cevizlibağ, Zeytinburnu, Merter ta ’yan tufafi, Güngören, har Bağcılar.

Wurare biyu a jerin nan suna yaudarar baƙo. Tashar Topkapı ba ita ce ta fadar sarakunan Usmaniyya mai wannan suna ba. Sunan wata ƙofar ganuwa ce, tana can nesa da fadar da kilomitoci. Mai zuwa fada a Gülhane ko Sultanahmet yake sauka. Na biyu Aksaray: akwai tashar taram mai wannan suna, akwai kuma ta jirgin ƙarƙashin ƙasa na M1, amma wadda ta fi kusa da ta M1 ita ce Yusufpaşa. In M1 kake nema, misali za ka babbar tashar motocin Esenler, ka sauka Yusufpaşa.

Amfanin T1 bai tsaya ga inda yake kai ka ba, ya haɗa da abin da yake sada ka da shi. A Kabataş akwai F1, ɗan jirgin da igiya ke ja ta cikin rami, cikin ’yan mintuna ya haura da kai Taksim. A Karaköy akwai Tünel, shi ma ɗan jirgin cikin rami, wanda ke aiki tun 1875, yana kai mutum ƙarshen titin İstiklal ba tare da ya sha hawan tudu ba. A Laleli, ’yar tafiya kaɗan a ƙafa za ta kai ka Vezneciler ta layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, na M2. A Cevizlibağ da Zeytinburnu ana shiga Metrobüs, dogayen bas masu hanyarsu ta kansu a tsakiyar babban titi. In ɓangaren Asiya za ka, hanya biyu ce: ko ka sauka Eminönü ko Karaköy ka shiga jirgin ruwa zuwa Üsküdar ko Kadıköy, ko ka sauka Sirkeci ka shiga jirgin ƙasa na Marmaray, wanda tun 2013 yake bi ta ƙarƙashin ruwan Bosforus, tasha ɗaya tak ka ga kanka a Üsküdar. Tashar Marmaray ta Sirkeci tana da zurfi ƙwarai, saukar kaɗai tana cin mintuna, ka saka wannan a lissafinka ranar da kake da lacca. Ranar da hazo ya rufe ruwa ko iska ta yi ƙarfi ana soke jiragen ruwa, to Marmaray ce mafita.

Yanzu maganar biya. Kati ɗaya ne, Istanbulkart, shi ake shiga taram da metro da bas da jirgin ruwa da shi. Ana sayensa a na’urorin da ke bakin tasha, masu suna Biletmatik. Wajen zuba kuɗi, ka ɗora katin a gurbinsa, ka saka takardar kuɗi a miƙe, kada ka ɗaga katin sai allon ya nuna kuɗin sun shiga. Na’urar ba ta ba da canji, duk abin da ka saka shi za ta zuba, kuma tana dawo da takardar da ta yamutse. In wani ya matso ya ce zai taimake ka, ka gode masa ka ƙi, ka nemi ma’aikacin da ke gadin ƙofa. A taram sau ɗaya ake taɓa kati, a shingen shiga, kuɗin kuma ɗaya ne ko tasha biyu za ka yi ko ashirin. Marmaray da Metrobüs ba haka suke ba: suna cire kuɗin tafiya mafi tsawo tun a shiga, in ka fita sai ka taɓa katin a na’urar mayar da ragowa, in katin an yi masa rajista da sunanka. Wanda bai san wannan ba kullum yana barin kuɗinsa a baya. In shingen ya ƙi buɗewa ka ga an rubuta yetersiz bakiye, kuɗin katin ne suka ƙare. Ban rubuta maka farashi ba don yana sauyawa a kai a kai, ka duba allon na’ura.

Da zarar rajistar makaranta ta kammala kuma ka sami lambar shaidar baƙi ta takardar zama, ka nemi katin ɗalibi mai hotonka. Kuɗinsa ya yi ƙasa sosai da na kowa, yana da rangwame in ka sauya jirgi cikin awa biyu, ana kuma iya biyan na wata guda gaba ɗaya. Kada ka ara wa kowa shi, kada kai ma ka ari na wani. In an kama ana ƙwace katin, ban da haka kuma cin haƙƙi ne, ba tarbiyyar gidan nan ba ce.

Kafin ka taɓa kati ka tabbatar da ɓangaren da za ka. Allunan ba sa cewa gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe suke rubutawa: ko Kabataş ko Bağcılar. A wasu tashoshin dandamali ɗaya ne a tsakiya, a wasu kuwa kowane ɓangare da shingensa, in ka shiga wanda ba naka ba sai ka fita ka sake biya. Ka kuma karanta rubutun goshin jirgin, don ba duka ne ke kaiwa ƙarshen layi ba, wasu a tsakiya suke juyawa, kamar a Cevizlibağ. In an sauke ku a hanya ba ɓata ka yi ba, ka tsaya a wurin na baya zai zo.

Abin da ya fi damuna, ɗana, shi ne tsallaka dogo. Jirgin nan da lantarki yake tafiya, ba ya ƙara kamar tirela, sau da yawa ƙararrawarsa ce farkon abin da za ka ji. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, ko direba ya taka birki sai ya ja tafiya kafin ya tsaya, balle in an yi ruwa dogon ya yi santsi, kuma ba shi da sitiyarin da zai kauce maka. Ka cire abin kunne kafin ka tsallaka. Kada ka bi ta bayan jirgin da ke tsaye ka faɗa ɗaya dogon, don nan ne mai zuwa daga ɗaya ɓangaren ke ɓoye. Jirage biyu ake haɗawa su tafi tare, kada ka kuskura ka ratsa ta mahaɗarsu ko da suna tsaye. Tsakanin Sirkeci da Sultanahmet titin ƙunci gare shi, jirgin na wucewa dab da masu tafiya a ƙafa, ka riƙa bin jikin bango.

Wannan rashin kaucewar shi ne kuma dalilin jinkirinsa. Mota ɗaya ta tsaya a kan dogo, ko aka yi ɗan karo a mahaɗar titi, duk jiragen da ke baya sai su yi layi. Ranar jarrabawa ka fita da rarar minti 30, ka kuma san hanya ta biyu tun kafin ranar. Ra’ayina shi ne taram na gajeriyar tafiya ne da ta tsakiyar tsohon gari. Mai zuwa daga Zeytinburnu ko Bağcılar zuwa Aksaray ya fi samun sauri a M1, tun da ita ba ta tsayawa a fitilar hanya. Haka nan in za ka kama ɗaki, kada arha ta ja ka wurin da sai ka shiga bas kafin ka kai dogo. Ɗakin da ke da tafiyar minti goma a ƙafa zuwa tasha ya fi, ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara, musamman a cikin sanyin Janairu.

Daga Eminönü zuwa Aksaray jirgin cika yake maƙil, da safe, da yamma, da lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido suka yi yawa, kuma inda ake matsatsi nan masu yankan aljihu ke aiki, galibi a bakin ƙofa lokacin shiga da fita. Jakarka ta dawo ƙirji, waya da walat a aljihun gaba, fasfo kuwa ya zauna a ɗaki, katin zama ya ishe ka yawo. Ka bari masu sauka su sauka tukuna. In ka ga tsoho ko mai ciki ko mai ɗauke da yaro ka tashi ka ba su wuri, su ma al’adarsu ce, suna kuma lura da wanda bai yi ba. Ka guji gogayya da mata a cikin cunkoso, ka kuma sassauta murya in kana waya.

Sauran layukan ba su kai T1 shiga rayuwarka ba, sai dai T5. Shi yana tashi daga Eminönü ya bi gaɓar Haliç, reshen tekun da gadar Galata ke tsallakawa, ta Fener da Balat zuwa Alibeyköy. An buɗe shi a 2021, aka ƙaraso da shi Eminönü a 2023. Ba shi da wayar lantarki a sama, daga ƙasa tsakanin dogayen yake shan wuta. Tasharsa ta Eminönü dabam take da ta T1, sai ka fita ka taka zuwa ɗaya gefen gadar Galata ka sake taɓa kati. Shi ne zai kai ka Eyüpsultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a gidansa a Madina. Ka je ka yi ziyara ka saka mu a addu’a, in Juma’a ce ka yi sammako don wurin cika yake. T4 daga Topkapı yake tashi ya yi arewa ta Edirnekapı zuwa Mescid-i Selam, wani yankinsa a ƙarƙashin ƙasa. T2, jan tsohon taram na titin İstiklal, da T3 mai zagaya Kadıköy da Moda, na shan iska ne, ba na mai sauri ba.

Ranar da ka sauka filin jirgin sama, taram ba ya kaiwa can. Ko ka shiga bas ɗin Havaist mai zuwa Aksaray, wanda ya fi sauƙi ga mai akwatuna biyu, ko ka bi metro na M11 zuwa Gayrettepe ka sauya zuwa M2. Kada ka shiga T1 da manyan kaya a lokacin tashi daga aiki, ba za ka sami wurin ajiye su ba. In ka manta wani abu a jirgi ka kira 153, lambar hukumar birni, ka faɗi layi da tasha da lokaci. Lambar gaggawa 112 ce. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ka gyara naka tun a jirgi, kuma da ka isa masauki ka kira mahaifiyarka kafin ka kwance kaya, don ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.