Kira ga ɗalibanmu kan ambaton littattafai da tsarin lamba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin ƙannenmu da ke karatu a nan Saudiyya kan wani abu da suke ɗauka ƙarami, alhali shi ne yake hana kundin binciken wasu wucewa a karon farko, wato yadda ake ambaton littattafai da tsarin lamba.

Ni malamin ilimin haɗa magunguna ne a Jidda, kuma kusan duk ƙarshen zango sai ɗalibai 'yan gida sun kawo mini rubutunsu in duba. Tsarin da aka fi bi a fanninmu shi ne wanda ake kira Bankuba (Vancouver), sunan wani birni a Kanada inda wasu editocin mujallun likitanci suka zauna a 1978 suka amince da hanya guda ta shirya rubutu. Injiniyoyi kuma suna da nasu na IEEE, wato ƙungiyar injiniyoyin lantarki, mai kama da shi. Ƙa'idar ba ta da wuya: littafin da ka fara ambata shi ne na 1, mai bi masa na 2, kuma idan ka sake komawa ga na farko ko da a shafi na 80 ne, lambarsa tana nan 1. A ƙarshen kundi sai a jera su bisa wannan lamba, ba bisa haruffan sunayen marubuta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lambar ba ta gaya wa mai karatu komai da kanta. A tsarin da ake rubuta sunan marubuci da shekara a cikin jimla, ko an yi kuskure a jerin ƙarshe mai karatu zai iya lalubo littafin. A tsarin lamba kuwa, in lamba ta goce, shi ke nan an ɓatar da shi. Watannin baya wani yaro Bakatsine ya same ni bayan sallar isha'i da kwamfutarsa, ransa a ɓace, ya ce: “Malam, mai duba aikina ya mayar mini da babi uku, kuma wallahi duk littattafan nan na karanta su.” Da muka duba sai muka tarar ya ƙara sakin layi ɗaya a babi na biyu da sabon littafi a ciki, ya gyara jerin ƙarshe, amma ya manta da lambobin da ke cikin rubutun. Tun daga 14 har ƙasa kowace lamba tana nuna maƙwabciyarta, har wata magana kan ciwon suga ta koma tana jingine da littafin ƙididdiga. Da ya yi amfani da manhaja irin su Zotero, wadda kyauta ce, da ita da kanta za ta sake jera lambobin. Sai da muka kai ƙarfe ɗaya na dare muna bin su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake rubuta bayanin littafin kansa. A tsarin Bankuba ana farawa da sunan ƙarshe na marubuci da haruffan farko na sauran sunayensa, sai sunan littafi, sai bugu na nawa in ba na farko ba ne, sai garin da aka buga shi, da maɗaba'a, da shekara. Idan marubuta sun wuce shida, yawanci ana rubuta shida na farko a nuna akwai saura. Idan babi ɗaya ka ɗauka daga littafin da mutane da yawa suka haɗu suka rubuta, to mai babin ne za ka fara ambata, sannan editan, sannan shafukan, domin ba daidai ba ne a ba edita ladan aikin da wani ya yi. Ɗalibai da yawa suna tsallake bugu, alhali littafin magunguna bugu na 9 da na 12 suna iya saɓawa a kan adadin maganin da za a ba mara lafiya.

'Yan'uwanmu masu karatun addini a Madina da Makka sun fi kowa sanin wannan, ko da yake su a ƙasan shafi suka saba rubuta madogara. Littafi guda na malaman farko yakan fito a Bairut da Alƙahira da Riyad, kowanne da mai tahƙiƙinsa, wato wanda ya tace nassin ya shirya shi, da adadin juzu'ansa, don haka cewa juzu'i na 3 shafi na 120 ba tare da faɗin bugun ba daidai yake da kwatanta wa baƙo gida ba a faɗi unguwa ba. Masu ɗauko nassi daga Shamila, wato taskar littattafan addini ta kwamfuta, su riƙa duba ko an rubuta cewa lambobin shafukan sun yi daidai da na littafin da aka buga, domin ba duka ne suka yi daidai ba. Haka kuma in shekarar Hijira ce a bangon, a rubuta ta yadda take, kada a yi kirdadon ta Miladiyya. Imam Muslim ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa cewa Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin mutanen da aka karɓo hadisi daga gare su, yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ina mamakin ɗalibin da ya haddace wannan magana, amma ya kwafo ambaton littafin da bai taɓa buɗewa ba daga kundin wani, har da kuskuren da ke ciki.

Akwai kuma matsalar sunayenmu. Tsarin nan an gina shi ne a kan mutanen da ke da sunan dangi, mu kuwa sau da yawa sunan ƙarshe na uba ne ko na gari, sai ka ga marubuci ya koma “Gusau M” ko “Kano A”. Shawarata ita ce a bi yadda marubucin ya rubuta sunansa a bangon littafinsa, a kuma tsaya a kan hakan daga farkon kundi har ƙarshe. Ina roƙon ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke biranen nan su ware zama ɗaya a farkon kowace shekara su koya wa sababbin zuwa wannan aiki, kuma a shirye nake in zo in karantar ba tare da an biya ni ko riyal ɗaya ba.

Naka,
Wani malami mai karanta jaridarku,
Jidda, Saudiyya.