Baitocin da Kuka Sa Ba na Vinicius Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Gaskiya shirinku na ranar Lahadi ya ɓata mini rai. Kun ware rabin sa'a don Vinicius de Moraes, marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar Brazil, amma da aka zo kan waƙar yarinyar Ipanema (unguwa ce a bakin teku a birnin Rio de Janeiro) sai kuka sa ta Turanci, mai gabatarwa har da cewa a saurari baitocinsa. Haba! Baitocin Norman Gimbel ne, Ba'amurke. Vinicius da harshen Fotugis ya rubuta nasa a 1962, Tom Jobim ya yi musu kiɗa.

Ga inda aka samu matsala. Faifan da kuka ɗauko shi ne gajeren da aka fitar a 1964, wanda aka datse muryar João Gilberto mai rera Fotugis a farko, aka bar ta Astrud Gilberto mai rera Turanci kaɗai. Ke nan a kusan minti ukun nan ko kalma ɗaya ta Vinicius ba a ji ba. Cikakken da aka ɗauka tare da mabushin saksofon Stan Getz, mai minti biyar da 'yan kai, shi ya kamata a nemo.

Kuma Gimbel ba fassara ya yi ba, sabon zubi ne. A Turancin, kukan saurayi shi ne yarinya ba ta kallonsa. A na asali kuwa mutum ne ke tambayar kansa me ya sa yake cikin kaɗaici, ga kyau yana wucewa ta gabansa zuwa bakin teku, kyan da ba nasa ba ne shi kaɗai. Nan ne gwanintar take, ita kuka zubar.

Mutumin da ya fitar da littafin waƙoƙinsa na farko a 1933, gwanin soneto mai ɗango 14 a baiti huɗu, biyu masu ɗango hurhuɗu, biyu masu uku-uku! Mutumin da gwamnatin sojan Brazil ta kora daga aikin diflomasiyya a 1969, sai a 2010, shekara 30 bayan rasuwarsa, aka ba shi muƙamin jakada. Ko faifan da ya yi da makaɗin jita Baden Powell a 1966, mai ambaton Shango na Yarbawa, ba ku taɓo ba. Don Allah a maimaita shirin, a gyara.

Sannan ku ja kunnen mai haɗa sauti. Kiɗan da ake sawa ƙarƙashin magana yana danne muryar mai gabatarwa, a ƙaramar rediyo sai an kara ta a kunne.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya