Barka da Sallah daga Bamingam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da Auta, da duk mai sa hannu a akushin gidanmu na Argungu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya karɓi layya, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Mu nan lafiya lau, ni da maiɗakina da 'yar jikarku. Mun yi waya ɗazu, amma wayar ranar Sallah ba ta zance ba ce, wannan ya fizga wancan ya fizga, yara na ihu, sabis na ɗaukewa. Shi ya sa na zauna rubutu. Ƙarfe tara na dare ta wuce, amma har yanzu da sauran haske a waje, haka ranakun wannan lokacin suke a Ingila. Yaya, don Allah gobe in an gama rabon nama ka karanta wa su Baba, kuma kada ka tsallake wurin da ya shafe ka.

Mun yi idi a filin Small Heath, wani makeken filin ciyawa a unguwar da Musulmi suka fi yawa. Jama'a kam sai wanda ya gani: 'yan Pakistan, 'yan Somaliya, Larabawan Yaman, da mu 'yan tsirarun Afirka ta Yamma da manyan rigunanmu. Kowa da dardumarsa da ledar shimfiɗawa a ƙarƙashi, don ciyawar garin nan ba ta rabo da laima. Ana idarwa aka yi musabaha, kowa ya kama neman inda ya ajiye mota. Ba doki, ba tambari, ba kakaki. Hutu ma babu, sai da na yi musanyen aiki da wata abokiyar aikina, ni kuma in tsaya mata ranar Kirsimeti.

Layyar nan kuwa, Baba, da ka gani sai ka yi dariya. Yanka sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Tun da sauran kwanaki ake biyan mahauci ya rubuta suna, bayan Sallah ka je ka karɓi nama a kwali, an daddatsa, da lamba a jiki. Ban ga ragon ba, shi ma bai gan ni ba. Shi ya sa na fi son a yi tawa a gida. Na san yanzu haka ragunan na nan a baje a jikin sanduna kewaye da wuta, itace ya koma garwashi, su Inna sun gama suyar kayan ciki, ba mai taɓa gasasshen sai gobe. A cikin nawa cinya ɗaya ta Gwaggo ce, a kuma tuna da maƙwabciyarmu mai takaba.

Da la'asar Hausawan garin muka taru a wani zaure da muka yi karo-karo muka kama haya. Akwai Kanawa, akwai mutanen Dosso da Gaya, akwai 'yan zangon Kumasi. An yi waina, an yi tuwon shinkafa, duk da shinkafar nan ba ta ɗauruwa kamar ta fadamarmu. Samari suka haɗa waya da lasifika suna ta sakin waƙoƙin fiyano, yara na tsalle. Can sai wani dattijo, likita ne mutumin Talatar Mafara, ya miƙe ya ce a ba manya nasu lokacin. Ya sa Ɗanƙwairo.

Baba, kotso na tashi wurin ya canza. Mutanen da tun safe suke magana ƙasa-ƙasa irin ta Turawa suka fara gyara zaman hula. Wani ya ɗaga hannu yana jinjina, wata Hajiya ta rangaɗa guɗa har mai gadin wurin ya leƙo. Mutumin da ya rasu tun 1991, ga shi ya tayar da zaure guda a ƙasar da bai san ana sauraronsa ba. Ni abin da na daɗe ina lura da shi a waƙar su Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Sa'idu Faru shi ne 'yan amshi. Uban waƙa ya jefa ɗa, wato baitin waƙa, kafin ya kai ƙarshe sun cafe, su ƙarasa masa, wani lokaci su ƙara nasu, shi kuma ya numfasa ya sake shigowa ta inda ba a zata ba. Sai mutanen da suka shekara suna tafiya tare, suna kwana a zaure ɗaya, ke iya wannan. Na yanzu mutum ɗaya ne da kwamfuta, shi ne mai bayarwa shi ne mai amsawa. Ba na kushe su, akwai waɗanda nake sa wa a kunne in zan tafi aiki, amma ba su sa ni in tashi tsaye. Da aka zo kaina na ce a sa mana Sani Ɗandawo, kada Zamfarawa su cinye ranar su kaɗai. Sai na tuna rikodarka mai kaset, yadda kake shanya batir a rana don Narambaɗa ya ƙarasa waƙarsa.

Akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. Na fara zane. A gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, duk mako wata mata kan zo da fenti da burushi ta zauna da su. Ni nawa in turo su a keken guragu in tsaya gefe. Wata rana wani tsoho da hannunsa ke rawa ya miƙo mini burushinsa ya ce tsayuwar me nake yi. Fentin irin wanda ake jiƙawa da ruwa ne, kuma yana da sharaɗi: da launi mai haske ake farawa, mai duhu ya biyo baya, kuma sai na ƙasa ya bushe ake ɗora wani, in ba haka ba su cakuɗe su zama taɓo. Inda kake son fari, takardar za ka bari ba ka taɓa ba. In ka cika ruwa takarda ta kumbura. Mai gaggawa ba ya jin daɗinsa.

Kogin Matan Fada na zana. Na sa kwalekwale a gaɓa, goruna na yawo a kan ruwa, homa, ragar kamun kifi, a jingine. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce ai kogi shuɗi ne, me ya sa na yi nawa kamar kunun tsamiya? Na ce namu haka yake, balle ranar da dubban masunta suka faɗa masa lokaci guda. Malamar ta duba a wayarta, ta karanta musu cewa UNESCO ta sa bikin kamun kifinmu cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Ni kuma na ƙara musu da abin da muka taso muna ji a bakinka, Baba, cewa a 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, aka yi masa kamun kifi don girmamawa, bayan dogon zamanin da Kabi da Sakkwato ba sa ga maciji. Yau na kai zanen wurin taro aka manna a bango. Wani Bakano ya ce gorunan sun yi kama da kawunan mutane masu sanƙo, amma mutumin Gaya ya daɗe a tsaye gabansa, ya ce haka gaɓarsu take.

To, Yaya, ga naka. Na ji labarin ka yaga littafin Auta don ya cika bayansa da zane, ka kuma sa shi wanke bangon zaure inda ya yi da gawayi. Bangon kam da gaskiyarka. Littafin ne ban ji daɗi ba. Yaron nan ba daga waje ya ɗauko ba. Wa ke shafe ɗaki da farar ƙasa ana jibi Sallah, ta ja layi da jar ƙasa a gindin bango, in ba Inna ba? Wa ke ɗora wuƙa a wuta ta zana ƙwarya har 'yan kasuwa su yi ta ciniki, in ba Gwaggo ba? Ranar saukarka, zayyanar allonka aka fi kallo, har yau yana rataye a ɗakin Baba. Ba wanda ya taɓa kiran waɗannan shiririta.

Na san maganar malamai a kan surar abu mai rai, kuma ban zo da jayayya ba. Baba ya tambayi Malam. In ya ce a bar mutane da dabbobi, ai duniya da faɗi: ga gini, ga jirgi, ga gonar shinkafa, ga giginya, ga rubutu mai ado. Kuma hanyar abinci ce. Masu rubuta allon shaguna da masu yi wa manyan motoci ado da ita suke riƙe gidajensu, zanen gine-gine kuma karatu ne da ake yi a kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Sharaɗina ɗaya, kada makarantar allo ko ta boko ta yi rauni saboda shi.

Auta, na sayo maka akwatin fenti da burushi da takarda mai kauri, zan ba wani ɗan'uwa mai zuwa Abuja bayan Sallah. Aikinka na farko, ka je Gidan Nabame, inda ake ajiye kayan tarihin Kanta, ka zauna daga nesa ka zana mini gabansa. Kada ka kwafa daga waya, ka je da ƙafarka ka kalla da idonka. In ya karkace ba komai, ka ɗauki hotonsa ka turo a haka.

Sauran roƙo ɗaya gare ka, Yaya. In ka ji kiɗa a ƙofar fada ko a rumfar mahauta cikin kwanakin nan, ka ɗaukar mini. Ka tsaya wuri guda, ka bar wayar ta yi ta ɗauka har su kai aya, kada ka yi ta juya ta, kuma ka daina magana a kai kamar na bara, da muryarka ta danne kalangun. A cikin kuɗin da na turo na ware wani abu na tsohon makaɗin unguwarmu, a kai masa har gida a ce goron Sallah ne daga ɗan Baba na Ingila. Ragowar na goron yara ne da maganin gwiwar Baba.

Ku faɗa mini ko ruwa ya zauna an yi shuka. In za a kai wa Kawu nama Gusau, a bi motar safe, ban da tafiyar dare. Maiɗakina na gaishe da Inna da Gwaggo, ta ce a tuna mata da daddawa da kuka da busasshen kifi in ɗan'uwan nan zai dawo. A gaishe da Malam, a roƙa mana addu'a.

Wassalam,
Ɗanku na Bamingam