A Hukunta Masu Jifa a Filin Wasa na Sani Abacha

Zuwa ga Edita,

Na karanta rahotonku kan hukuncin da hukumar gasar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NPFL, ta yanke wa Kano Pillars saboda tarzomar magoya baya. A 2022 ma, bayan farfasa motar Katsina United, an zaftare mana maki uku. Amma masu laifin suna nan.

Shekaru ina kallon ƙwallo a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Masu jifa da duwatsu da ledar ruwa ba su fi a ƙirga ba, kuma an san fuskokinsu. Na ga uba ya rungume ɗansa yana neman ƙofa cikin hayaƙi mai sa hawaye.

Ina roƙon a riƙa binciken kowa a bakin ƙofa, a kafa kyamarori, duk wanda aka kama a gurfanar da shi, a hana shi shiga filin.

Mai karatunku,
daga Fagge, Kano