Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Babban Birnin Tarayya Kan Tarihin Tsohuwar Ƙasar Abuja

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan wani sakaci da ofishinka ya gada daga waɗanda suka riga ka, kuma har yau babu wanda ya nuna alamar gyara shi. Gwamnatin Tarayya tana tafiyar da Abuja tamkar a ranar 3 ga Fabrairu, 1976 aka halicci wannan ƙasa, kamar dai kafin wannan rana babu sarki, babu hakimi, babu dagaci, babu gona, babu maƙabarta. Rabin ƙarni ke nan ana gina birni a kan ƙasar tsohuwar En'en Abuja da gundumominta, amma hukumar da kake shugabanta ba ta taɓa ɗaukar tarihin waɗannan gundumomi a matsayin aikin da ya rataya a wuyanta ba, kuma talakawan da suka gaji ƙasar su ne suke biyan kuɗin wannan mantuwa.

Na san ka san labarin, amma tun da ba a cika jin sa a bukukuwan gwamnati ba, bari in tuna maka. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya nufo kudu, ya zauna a wajejen Zuba, ya yi ta gwagwarmaya har ya rasu a yaƙi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ne ya gaje shi, ya kafa gari a bakin kogin Iku a 1828, ya kewaye shi da ganuwa, kuma sunansa garin ya ɗauka, wato Abuja ta dā, wadda yau ake kira Suleja. Daga nan aka yi Abu Kwaka, aka yi Ibrahim Iyalai, har Turawa suka ci garin a 1902. Duk tsawon wannan zamani masarautar ba ta shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, shi ya sa har yau sarkinta yake amsa sunan Sarkin Zazzau, kuma ta riƙe tsarin sarautun Zazzau na dā wanda a Zariyar kanta an sauya shi bayan jihadi.

Da Turawa suka daidaita mulkinsu, sai suka mayar da ƙasar En'e guda, da farko a ƙarƙashin Lardin Nasarawa, daga baya kuma Lardin Neja. Aka yanka ta gunduma-gunduma, kowace da hakiminta da malamin haraji da kotunta, kuɗin haraji da jangali kuma suna shiga baitulmalin da ke cikin garin Abuja. Bwari da Kuje da Kwali da Zuba da Garki da Wuse, waɗanda yau ake kiran sunayensu kamar tashoshin mota ko unguwannin da injiniyoyi suka zana, garuruwa ne masu sarakunansu da gonakinsu, kuma Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa ne mazaunansu. Mulkin En'e, duk da zaluncin da ke cikinsa, mulki ne mai son rubutu, domin ba a karɓar haraji sai an ƙirga mutane. Saboda haka Di'o da malamansa suka bi ƙauye-ƙauye suna rubuta sunan gari da sunan dagacinsa da yawan magidanta da abin da suke nomawa da inda iyakarsu ta tsaya. Irin waɗannan takardu na lardunan Arewa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i kaɗan daga ofishinka.

Ba ina neman a wanke kowa ba ne. Wanda zai rubuta tarihin wannan ƙasa da gaskiya dole ya faɗi dalilin da ya sa aka yi wa Sarki Ibrahim Iyalai laƙabi da Dodon Gwari, ya faɗi hare-haren da suka sa wasu ƙauyuka suka hau kan duwatsu, ya faɗi kuma yadda aka ɗora wa wasu al'ummu hakiman da ba su zaɓa ba. Ni Bahaushe ne, kuma ban ga abin da zai rage mini ba idan aka rubuta wannan. Tun a 1952 aka buga fassarar Turanci ta tarihin masarautar da 'ya'yanta biyu, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka rubuta da Hausa, amma wannan muryar fada ce, kuma muryoyin ƙauyukan Gbagyi da Koro da sauransu suna nan suna jiran wanda zai tattara su.

Yanzu mu zo ga alkawarin. Kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda, wanda aka ɗora wa duba maganar sabon babban birnin ƙasa, ya zaɓi wannan wuri saboda yana tsakiyar ƙasa, kuma aka ce ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilu uku. Daga wannan magana ce aka haifi tatsuniyar da har yau take yawo a bakin jami'ai, wai wurin daji ne da ba na kowa ba. Janar Murtala Muhammed da kansa bai ce babu mutane a wurin ba. A jawabin da ya yi wa ƙasa ya amince cewa akwai mazauna, kuma ya yi alkawarin cewa waɗanda za a tayar za a sake tsugunar da su a wajen yankin, a wuraren da suka zaɓa, da kuɗin gwamnati. A kan wannan fahimta aka kafa Dokar Soja mai lamba 6 ta 1976, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kuma kaso mafi girma daga ƙasar tsohuwar Abuja ya fito. Sarki Sulaimanu Barau, wanda yake kan gado tun 1944, ya ga an ɗauke masa yawancin ƙasarsa, sannan garinsa ya saki sunansa ma ya bar wa sabon birni, ya koma Suleja. Ban san wata masarauta a Nijeriya da ta ba da ƙasa da suna a lokaci guda ba.

Kwana goma bayan wannan jawabi aka kashe Murtala, alkawarin kuma ya zama maraya. Binciken da masanan Jami'ar Ibadan suka yi a 1977 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya nuna cewa ƙauyukan da ke yankin ɗaruruwa ne, mutanen kuma sun fi yadda aka zata nesa ba kusa ba. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ga yawan kuɗin da aikin zai ci, sai a 1978 ta sauya magana, ta ce waɗanda ginin birni ya shafa kai tsaye ne kawai za a tayar, sauran su zauna inda suke. Wasu suka ƙaura zuwa Sabon Wuse da Sabon Bwari a Jihar Neja, wasu zuwa Sabon Karu da Sabon Nyanya a inda yau take Jihar Nasarawa, aka raba dangi gida biyu. Aka kwashe mutanen Maitama aka kai su Kubwa. A 1992 aka ce a'a, a bar ƙauyuka a cikin birni a raya su tare da shi, aka gwada da Garki. Bayan 'yan shekaru aka sake juyawa, aka gina gidaje a Jibi domin a tsugunar da mutane, sai jami'an tsaro suka shige su. Daga nan aka koma Apo da Galuwyi-Shere da Wasa, inda aikin ya yi ta jan ƙafa daga wannan minista zuwa wancan. Kowace gwamnati da nata tsarin, kuma duk sauyin da aka yi, manomi ne yake kwana bai san ko gonarsa za ta kai shi damina mai zuwa ba.

Mai girma Minista, a nan ne tarihin ya daina zama abin hira ya zama maganar haƙƙi. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa wa Gwamnatin Tarayya mallakar duk ƙasar Babban Birnin, saboda haka ɗan asalin wurin ba shi da abin da zai riƙe sai hujjar cewa ƙauyensu yana nan tun kafin 1976. Wannan hujja kuwa tana cikin takardun da hukumarka ba ta tattaro ba. Ranar da buldoza ta iso, sai a fara gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wane gida ne na gado, wanne ne aka gina jiya domin a ci kuɗin diyya, kuma a cikin wannan ruɗani mai gaskiya yake rasawa, ɗan damfara yake samu. Ina jinjina wa ƙwarewar gwamnati, domin hukumar AGIS mai ajiye bayanan filayen Abuja tana iya faɗa maka lambar kowane fuloti a Maitama da faɗinsa da sunan mai shi ta hanyar danna kwamfuta, titunan unguwar kuma suna ɗauke da sunayen kogunan duniya, daga Misisipi zuwa Amazon. Sai dai ka tambayi wanda yake zaune a kan titin ko wane ne dagacin Maitama a ranar da aka zo auna ƙasar, ko ina aka kai kaburburan mutanen wurin, ka ga yadda zai dube ka.

Abin da ya sa na rubuto yanzu, ban bari sai gaba ba, shi ne mutanen da suka san amsoshin nan suna ƙarewa. Wanda yake da shekara 25 a 1976 yau ya haura 70. Malaman haraji na En'e, da 'yan doka, da masu unguwannin da suka raka ma'aikatan ƙidaya gida-gida, da matan da suka ɗauki kayansu a kafaɗa suka bar Wuse, saura kaɗan a raye. Don Allah, ranka ya daɗe, kada ka bari a binne su da abin da suka sani. Takardun Kaduna ma ba dawwamammu ba ne, domin takarda ce da ta haura shekara 80 ko 100, kuma gara da ɗanshi ba sa jiran kasafin kuɗi.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar doka, kuma kuɗinsa bai kai na kilomita ɗaya na titin da kake buɗewa ba. Ka sa a kafa ƙaramin ayarin masana tarihi daga Jami'ar Abuja da Jami'ar Ahmadu Bello da Gidan Arewa, tare da wakilan fadar Suleja da na sarakunan Bwari da Garki da Kuje da Kwali da Zuba da Karu da Karshi da Abaji, domin ɓangarorin da suka fito daga Filato da Kwara su ma suna da nasu labarin. A ɗauki hoton duk wata takardar gunduma da ta shafi yankin, a haɗa ta da rahoton 1977 da jerin sunayen waɗanda aka ƙirga aka biya ko aka ƙirga ba a biya ba, a ɗauki muryoyin dattawa da harsunansu. Sannan a buga jerin ƙauyukan da suke nan a 1976, kowanne da gundumarsa da inda yake a taswira da abin da ya same shi, a ajiye shi inda kowane ɗan ƙasa da kowane alƙali zai iya dubawa. Na san akwai waɗanda wannan jeri ba zai yi wa daɗi ba, musamman masu cin abinci daga ruɗanin filaye, kuma ina zargin wannan ne ya sa ba a yi shi ba tun tuni.

Za ka iya cewa Suleja ba ta cikin huruminka, ta gwamnan Neja ce, kuma a takarda haka ne. Amma a Suleja ma'aikatan hukumar raya Babban Birnin Tarayya (FCDA) suka fara kafa sansaninsu kafin a aza tubali ko ɗaya a sabon birni, har yau unguwar tana amsa sunan wannan sansani, kuma a Suleja da Madalla da garuruwan Tafa dubban ma'aikatanka suke kwana saboda hayar Abuja ta fi ƙarfinsu. Su cika makarantu da asibitocin garin da dare, su kai aikinsu da harajinsu birni da safe. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Haka ma cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a garin a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954 har sunanta ya zagaya duniya. Hotonta yana kan takardar naira 20, Dutsen Zuma yana kan naira 100, amma cibiyar ta shafe shekaru tana lalacewa. Waɗannan maganganu ne na wata rana, na dai ambace su ne domin kada a ce ba a faɗa ba.

Abin da nake so ka amsa a bainar jama'a guda ɗaya ne. Shin hukumarka tana da cikakken jerin ƙauyukan da suke cikin yankin a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, da bayanin waɗanda aka cika wa alkawarin Murtala da waɗanda ba a cika wa ba? Idan akwai shi, a buga shi kowa ya gani. Idan babu, ka faɗa mana ranar da za a fara haɗa shi da sunan jami'in da za mu riƙa tambaya.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani ɗan ƙasar Zazzau Suleja