Wasiƙa Kan Kyaftin Al Haynes

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambayi wane matuƙi zan so yaron nan namu mai koyon tuƙin jirgi ya san tarihinsa. Ni dai Al Haynes zan ce, Ba'amurken da ya fara aiki da kamfanin jiragen sama na United a 1956, ya yi ritaya a 1991, ya rasu a 2019 yana da shekara 87.

Ranar 19 ga Yulin 1989 ya taso daga Denba zuwa Shikago da jirgin DC-10, mai inji uku, da mutum 296 a ciki. Suna ƙafa 37,000 a sama faifan fankar injin wutsiya ya tarwatse, saboda wata 'yar tsaga da ke cikin ƙarfen tun daga masana'anta. Rasa inji ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. Matsalar ita ce layukan haidirolik uku na jirgin, wato bututun man da ke motsa sassan sarrafa shi, duk ta kusa da wutsiyar suka bi, ɓaraguzan suka huda su, man ya tsiyaye ƙarƙaf. Sitiyari ya zama hoto. Jirgin sai karkata dama yake, hancinsa yana sama yana ƙasa.

Abin da ya rage wa matuƙan totur ɗin injina biyun da suka rage ne kawai. A ƙara wa injin dama wuta a rage na hagu, jirgi ya juya hagu; a ƙara duka biyun, hanci ya ɗaga, amma sai bayan ɗan jinkiri.

Nan ne nake ganin girman mutumin. Wani mai horar da matuƙa, Denny Fitch, yana cikin fasinjoji, ya aiko cewa zai taimaka. Haynes bai ce nan fadarsa ba ce. Ya kira shi ciki, daga baya ya bar masa totur ɗin, yana sauraron shawarar kowa.

Don saukar gaggawa, sun kai filin jirgin garin Sioux City da gudun kusan kilomita 400 a awa, alhali wajen 260 ake sauka da shi, don ba halin sauke sassan fiffike masu rage gudu. Fiffiken dama ya fara dukan ƙasa, jirgin ya kakkarye ya kama wuta. Mutum 184 suka tsira, 112 suka rasu. Haynes ya warke ya koma tuƙi, kuma ya yi shekaru yana yawon lacca kan aiki tare a ɗakin matuƙa, ba ya yarda a kira shi gwarzo.

Ka gaida yaron, ka ce ya dage.

Naka har kullum.