Daga Garwa Zuwa Dang

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Zafin Garwa ya kankama, kogin Binuwai ya ja baya har yara suna tamaula a kan rairayi. Ku kuwa na san har yanzu da bargo kuke kwana a can Dang, inda jami'arku take, saman tudun Ngaundere.

Da gangan na zaɓi takarda na bar waya, don na san halinka. A waya, kafin in kai aya ka tanadi amsa uku.

Sakamakonka ya iso. Na ga 15 bisa 20 a lissafi, na gode Allah. Na kuma ga 8 a darasin harshen C na rubuta manhajar kwamfuta, wato sai ka koma ratarafaj, jarrabawar da ake maimaita wa waɗanda suka faɗi, alhali don wannan darasin aka tura ka jami'a. A watan nan dai ka aiko da hotonka rungume da kofin muhawara, kusa da kai ga wata yarinya tana murmushi. Yayarka ta yi wa Innarka bayanin ko wace ce, Innarka kuma ba ta iya kwana da magana a ciki.

Ban hana ka muhawara ba, ba kuma zan hana ka ba. Na riƙe bayanin da ka yi mana: ƙungiya huɗu, kowace mutum biyu, biyu a matsayin gwamnati biyu 'yan adawa, irin tsarin majalisar Birtaniya. A ba ku batu, ku shirya cikin minti 15, kowa ya miƙe ya yi minti 7. Horo ne mai kyau. Yaron da a da ba ya iya haɗa ido da baƙo, yau shi ne yake tsayawa gaban zaure cike da jama'a yana jera hujja da Faransanci ba gargada. Abin da ya tsaya mini a rai ɗaya ne: ka ce ƙuri'a ce take zaɓa maka ɓangare. Yau ka kare cewa a soke kuɗin makaranta, gobe ka kare cewa a ninka shi, duka da jijiyar wuya ɗaya. A zauren gasa wannan wasa ne, kowa ya san wasa ne. Sai dai baki yana sabo, kuma ba ya tambayar ko an fito daga zauren.

Ka tuna daren hutun Babbar Sallah da muke cin tuwo da Baffanka, maganar kuɗin taki da farashin auduga ta taso. Mutumin nan tun ba a haife ka ba yake noman auduga a wajen Pitowa. Ka bar shi ya gama, sannan ka ɗaga yatsa ka ce hujjarsa ta biyu ta rushe ta farko. Ya mayar da lomar da ya ɗauka, ya jawo ruwa ya wanke hannu, ya ce, "Ka yi gaskiya, malam." Kai a ganinka ka ci gasa. Shi kuwa har yau bai sake tambayata labarin karatunka ba, shi da yake fara tambaya kafin ya zauna.

Malamanmu sun san munazara, wato muhawarar ilimi, tun kafin a gina majalisar kowa. An ruwaito cewa Imamu Shafi'i bai taɓa jayayya da wani ba face yana fatan gaskiya ta bayyana, ko da a bakin abokin jayayyar ne. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya kawo, na gida a gefen Aljanna ga wanda ya bar musu ko da shi ne mai gaskiya. Ka san su duka, a makarantar dare ka karanta su.

To, kwamfuta ba alƙalin gasa ba ce, shi ya sa ta ba ka 8. Ba ta jin daɗin murya, ba ta ganin kwat. Ka manta waƙafi mai ruwa guda ɗaya a ƙarshen layi, ta ƙi motsi. Ka ce mata ta maimaita aiki ba ka faɗa mata inda za ta tsaya ba, ta yi ta juyi har batir ya mutu. Kai kana ƙirga jeri daga 1, ita a C daga 0 take farawa, sai ka miƙa hannu gidan da babu shi. Abin da ka rubuta take yi, ba ruwanta da abin da kake nufi. Ni a ganina wannan ne malamin da ya fi dacewa da mai baki irin naka.

Lokacin da nake koyar da lissafi a lise, wato sakandare, ɗan abin da muka taɓa na harshen kwamfuta na Pascal a kan allo muke yin sa da alli, don kwamfutocin ba su isa ba. Hanyar nan har gobe ba ta tsufa ba. Kafin ka taɓa madannai, ka rubuta matakan aikin a takarda da Hausar gida. Ka ja tebur, kowane ma'ajin lamba da nasa gurbi, ka bi layi-layi kana rubuta abin da ya koma, kamar kai ne na'urar. A nan kuskure yake fitowa fili. Na san tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ɗalibai suke miƙa masa aikin gida ya yi musu. Ka tambaye shi ya bayyana maka abin da ya shige maka duhu, ban ce a'a ba. Amma kai da bakinka ka ce mini jarrabawarku da biro da takarda ake yi, ba na jin zai bi ka ɗakin.

Ga aikin hutu. Littafin bashin shagon Innarka ya kusa ƙarewa, kuma ita kaɗai take iya karanta shi. Ka rubuta mata manhajar da za ta riƙe shi. Kada ka raina. Akwai mai ɗaukar buhun masara ta biya kaɗan-kaɗan, akwai mata uku masu suna ɗaya, akwai wadda take biyan rabi a hannu rabi ta Orange Money, akwai kuma wadda Innarka ta yafe wa amma ba ta so a goge sunanta. In manhajarka ta iya da waɗannan, ka fara zama gwani. Arthur Zang ma da ya ƙera Cardiopad, allon nan da yake auna bugun zuciya a asibitin ƙauye ya aika wa likita sakamakon ta layin waya, daga matsalar gida ya fara: likitocin zuciya ƙalilan ne a Kamaru, akasarinsu kuma a Yawunde da Duwala. Ɗan makarantar Politeknik ta Yawunde ne, kuma ya samu kyautar Rolex a 2014. Ka kuma daure ka riƙa shiga gasar da ake yi da Ingilishi, don littattafan sana'ar taka da shi aka fi rubuta su.

Yanzu maganar yarinya. An ce abokiyar muhawararka ce, 'yar Cadi, iyayenta suna Njamena. Ban yi mamaki ba. Mutum biyu da ake kulle wa minti 15 su yi tunani da kai ɗaya, kowa ya san inda ɗayan zai yi tuntuɓe, ba abin mamaki ba ne zuciya ta shiga. So ba laifi ba ne, ban kuma rubuto don in raba ku ba.

Tsorona bakinka ne. An koya maka yadda za ka sa mutum ya yarda da abin da kai kanka ba ka gama yarda da shi ba, kuma yarinyar da take son ka ta fi kowane alƙali sauƙin gamsarwa. Iyayenta sun tsallako da ita gadar Kuseri, sun bar ta a ƙasar da ba tata ba, sun koma suna addu'a. Amana ce a hannun duk wanda ta yarda da shi. Magana zarar bunu ce, Babana. Kada ka ce mata "zan aure ki" don kalmar ta yi daɗi a daren. Ka fara zama kai kaɗai ka yi lissafi: kana shekarar farko a cikin uku na lisans, wato digirin farko, sefa 50,000 na rajista ni nake biya, kuɗin ɗakinka daga shagon Innarka yake fita. Duk wannan ka faɗa mata shi yadda yake, ba ado. In ta ji ta ce za ta jira, ta san abin da take jira. In kuma a ranka ka san rakiya ce ta zaman makaranta kawai, ka sanar da ita tun yanzu, ko da za ta yi wata ba ta gaishe ka ba.

Shirin gasa kuma a yi shi a ɗakin karatu ko a ƙarƙashin bishiya inda jama'a suke wucewa. Ɗakinka na minisite, gidan hayar ɗalibai, ba wurin baƙuwa ba ne, nata ma ba wurinka ba ne. Dang ƙaramin wuri ne, direbobin tasi sun san kowa, kuma in surutu ya tashi sunanta zai fara ɓaci kafin naka. In abin na gaske ne, ba kai za ka yi wa iyayenta jawabi ba. Ka zo ka same ni, a yi bincike yadda aka saba, in lokaci ya yi magabata su kama hanyar Njamena da goro. Wanda zai shige gaba kuwa Baffanka ne, don haka ka ga dalilin da zai sa ka kira shi a makon nan ka ba shi haƙuri, ba tare da ka kawo hujjar dalilin da ya sa ka faɗi abin da ka faɗa ba.

Na tura maka kuɗin wata, ka duba wayarka. Innarka ta ba direban da ka sani ƙullin kilishi da yajin daddawa, ka je tasha ranar Laraba da yamma ka karɓa. Ka rubuto mini ranar da za ku yi ratarafaj, ka kuma turo mini takardar tambayoyin jarrabawar da ka faɗi, ina so in gwada su da kaina.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka.

Wassalam,
Mahaifinka.